Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Yayata ce ta tayar da wannan tafiya. Ta kira ni bayan sallar isha'i, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ka ja wa ɗanka kunne, ni dai bakina ya gaji." Ɗan nata saurayi ne mai shekara 22. Shi da abokansa sun mayar da yammacin kowace Asabar lokacin wasan mota a wani fili da ke bayan gari a Zariya. A taka totur, a fizgi birkin hannu, mota ta yi ta juyi tana tayar da ƙura, taya na kuka, 'yan kallo na sowa. In hakan bai ishe su ba sai a jera motoci biyu a yi tsere zuwa gindin wata tsamiya. A daminar bara motar abokinsa ta kife da su. Abokin ya yi wata uku a kwance, shi kuwa Allah ya taƙaita, ya tashi da karaya a kafaɗa da ɗinki a goshi.

Na san faɗa ba zai yi aiki ba, domin ni ma da ina kamarsa na sha aron doki in yi sukuwa ba da sanin mahaifinmu ba. Da ya zo gaishe ni sai na ce masa, "Kan nan naka guda ɗaya ne, ba a sayar da sifiyarsa a kasuwa. Shirya mu je Kano mu nemo maka hular kwano ta gaskiya." Ya ce, "Kawu, ai ina da ita." Ya kawo mini wata baƙar hula mai sheƙi da zanen harshen wuta a gefe, ya ce tana kansa ranar da suka kife, ko tsagewa ba ta yi ba. Na dubi hular, na dubi ɗinkin goshinsa, na ce ya saka ta a jaka mu tafi da ita.

Da asuba muka shiga mota a Kwangila. Hazon hunturu ya rufe hanya, bishiyoyi sai mun zo daf da su suke bayyana. Direbanmu yana da nasa ilimin game da bel. Da ya hango jami'an kiyaye haɗurra sai ya jawo shi ya rataya a ƙirji ba tare da ya maƙala ba, da mun wuce ya sake shi ya koma mazauninsa. Sau uku ya yi haka kafin Kwanar Dangora. Ɗana ya dube ni yana dariya, na ce masa ya riƙe dariyarsa, za ta yi masa amfani an jima. Muka wuce Kura, muka sauka a Na'ibawa, muka tari adaidaita sahu zuwa cikin gari.

Duk sanda na shiga birnin Kano ta Ƙofar Nassarawa sai idona ya nemi badala. Abin da ya rage daga cikinta a yau tudun jar ƙasa ne, ruwa ya zaizaye wani wuri, gine-gine sun cinye wani. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma gina ta, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Da sojojin Turawa suka iso a watan Fabrairun 1903, harsashin igwarsu bai yi wa kaurin wannan ƙasa wani abin kirki ba, sai da suka nemi ƙofa suka fasa ta. Na nuna wa ɗana na ce, "Ka ga wannan? Laka ce kawai. Harsashi ya shiga cikinta ya nutse, ƙarfinsa ya ƙare a hanya." Ya gyaɗa kai irin na yaron da ke jiran a gama wa'azi.

Mai masaukinmu tsohon abokina ne tun muna makarantar horon malamai, gidansu na gado yana wani lungu a Yakasai. Tun daga zaure ya tarye mu da tsiyar da aka saba. "Lale da Zage-zagi! Yau kuma me ya ƙare muku a gida kuka zo roƙo?" Na ce, "Hankali muka kawo muku, mun ji ana ƙarancinsa a nan." Aka kawo gurasa bandashe da shayi. Da ya ji abin da ke tafe da mu sai ya ajiye kofi ya ce, "Hular kwano? Ai mu muka fara sa ta a ƙasar Hausa. Ku tashi in nuna muku."

Ya kai mu Gidan Makama, daura da fadar Sarki, gidan da aka gina a zamanin Muhammadu Rumfa, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. Muka wuce manyan ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, muka tsaya gaban kayan yaƙi. A nan abokina ya karanta mana darasinsa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma abin da ya sa shi yin haka shi ne yawan mutanen da ya rasa a yaƙinsa da Umbatu. Sai da aka ƙirga gawa sannan aka nemi kariya. Abokina ya ƙara da cewa Sarkin ya ci Zazzau da yaƙi daga baya, yana faɗa yana kallona. Na tuna masa cewa a karon farko kora shi aka yi, littafin nasu ma bai ɓoye ba. Ma'aikacin gidan da ke zagayawa da mu ya yi dariya har da riƙe ciki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar kanta. Kwalkwali muke ce wa hular ɗan lifida, kwalkwali kuma muke ce wa ta mai babur. Harshe ya riga ya gane cewa aikinsu ɗaya ne, ko da shekara 600 ke tsakaninsu.

Daga nan muka gangara Kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ne ya kafa ta a ƙarni na 15. Lungunanta ba sa ɗaukar mutum biyu a jere sai an karkace. Ƙanshin kanumfari da citta ya bi mu har layin masu fata, daga can warin jima ya karɓe mu ya miƙa mu ga masu kayan doki. Sirdi a jere, linzami da ragama a rataye, likkafa tana ƙara in iska ta kaɗa. A wata rumfa muka tarar da dattijo yana ɗinka abin da ake shimfiɗa wa doki a ƙarƙashin sirdi, da basilla a hannu da tabarau a kan hanci. Muka durƙusa muka gaishe shi. Na ce, "Baba, lifidi muke son gani." Ya ce ba kowace rana ake yin sa ba yanzu, sai hawa ya matso, amma ya tura yaronsa ya ciro wani tsohon yanki daga ƙarƙashin kaya.

Na karɓa na matsa shi da yatsu. Zane ne biyu aka cusa wa audugar rimi a tsakani, aka bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Ba shi da nauyi kamar yadda ido ke zato. Ɗana ya taɓa ya ce, "Baba, wannan katifar ce za ta tare takobi?" Dattijon ya cire tabarau ya dube shi. "Yaro, sulke yana hana kaifi shiga, amma ba ya hana duka isa ƙashi. A sa maka sulke a kan fatarka in maka maka kulki, ka faɗa mini. Taushin nan shi ke shanye dukan." Ya ce kwalkwalin da ya gani a hannun iyayensa ma haka yake, tsumma ne aka ɗinke da kauri, ƙarfen daga waje yake, sai gashin jimina don ado. Ya ce mahaifinsa in ya gama lifidi yakan rufa shi a kan tsohon tulu ya sa a doka. In tulun ya fashe sai a farke a ƙara auduga. Ya kuma faɗa mana aibinsa ba tare da mun tambaya ba. Audugar rimi ba ta shiri da wuta, sannan ɗan lifida in ya faɗo daga doki da wuya ya tashi sai an ɗaga shi.

Kafin mu tashi na sayi yankin lifidin. Ya yi mamaki, ya ce me zan yi da tsumma. Na ce tulu zan rufa wa.

Bayan azahar muka shiga neman abin da ya kawo mu. Masu babur sun cika gari, amma sai ka ƙirga hamsin ba ka ga mai hular kwano ɗaya ba. Abokina ya tuna mana da watan Janairun 2009, lokacin da dokar tilasta sa hular ta fara aiki a faɗin Najeriya. A Kano an kama 'yan acaɓa sanye da ƙwarya da robar fenti an ɗaura musu igiya, labarin har ya kai kafafen watsa labarai na duniya. Fasinjoji kuma suka ƙi sa hular haya, wasu don tsoron cutar fata, wasu don jita-jitar cewa ana yin asiri da ita. Shekara huɗu bayan haka, a Janairun 2013, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, zancen hula kuma ya bi ruwa. Mun yi wa mai ƙwarya dariya a lokacin. Amma shi aƙalla ya san jami'i yake yaudara, bai yaudari kansa ba.

A wata rumfar kayan babur da ke kusa da badala muka sami huluna a rataye kamar kabewa. Mai rumfar ya ciro ɗaya ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. "Alhaji, ji ƙara. Wannan ko tirela ta taka ba za ta fashe ba." Na juya ta na leƙa ciki. Ƙyalle ne da soso siriri irin na kujera, in ka danna sai yatsanka ya taɓo robar waje. Igiyar haɓa kuwa da ƙaramar ƙusa aka maƙala ta. A bayanta an manna wata takarda mai haruffan Turanci, na sa farce sai ga ta tana ɗagowa. Ban zarge shi ba. Yadda aka sayar masa haka yake sayarwa, kuma abin da mai saye ke tambaya shi ne ƙarfi da araha.

A nan na ga inda matsalar take. Bakano bai yarda da sayen abu a rufe ba. Mai sayen tukunya yana ƙwanƙwasa ta ya ji ko ta tsage. Mai sayen shadda yana murza ta. Mai sayen goro yana ɓantara, mai sayen doki yana buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya hau ya zagaya. Hatta ɗan tauri a bainar jama'a yake ɗora wuƙa a cikinsa don a ga maganinsa na ci. To amma hular kwano ba ta gwaduwa a bakin rumfa, saboda gwajinta shi ne lalata ta. Wadda aka gwada ta gama aiki, wadda za ka saya kuma ba a taɓa gwada ta ba. Dole wani ya fasa 'yan'uwanta a madadinka, kai kuma ka yarda da shaidarsa.

Da la'asar sakaliya muka koma gida da ƙananan kankana biyu. Na yi shekara da shekaru ina koyar da kimiyya a sakandare, ban taɓa samun aji mai daɗin wannan ba. Na sa ɗana ya hau kan soron zaure, tsayinsa ya kusa mita uku. Yaran gidan suka taru, matan gida suna leƙe ta bayan labule. Muka cusa kankana ɗaya a cikin baƙar hularsa mai harshen wuta, muka ɗaure igiyar, ya sake ta a kan daɓen siminti. Ta bugi ƙasa ta yi tsalle ta gangara gindin rijiya. Ya sauko da sauri ya ɗauka ya juya ta. "Kawu ka gani? Ko ƙwarzane!" Abokina ya ce, "Zazzage mana abin da ke ciki." Jan ruwa ne ya fara zubowa ta wajen igiyar. Kankanar ta rabe gida uku. Ɗana ya kai hannu goshinsa, wajen ɗinkin, bai ce komai ba.

Ta biyun muka naɗe ta da yankin lifidin Baba kafin mu cusa. Ita ma ta tsage, amma tsaga ɗaya siririya, sai da muka sa wuƙa kafin yara su samu rabonsu. Na gaya musu cewa wannan wasa ne, kankana ba kai ba ce, kuma faɗuwa ɗaya ba ta zama hujja. Sai dai ya nuna abin da ake nema. Ba gudu ke kashe mutum ba, tsayawa farat ɗaya ce. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa in ta daki bango, daidai take da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. Ƙoƙon kai ya tsaya, ƙwaƙwalwa kuma ta ci gaba da tafiya ta bugi ƙashi daga ciki. Aikin hula shi ne ta ja wannan tsayawar ta ɗan yi tsawo, ko da na ƙiftawar ido ne. Abin da ke yin wannan aiki shi ne farin soso mai tauri, irin wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a cikin kwali, mai kauri kamar yatsu biyu. Yana murƙushewa ne ba ya dawowa, a murƙushewar tasa yake shanye dukan. Hular da ta fito lafiya daga haɗari, mai ita ne ya biya.

Da dare muna shan shayi a zaure na ba su labarin inda gwajin gaske ya samo asali, domin a wajen irin su ɗana ya faro, masu tsere don sha'awa. A 1956 wani Ba'amurke mai suna William Snell, abokansa na kiransa Pete, motarsa ta kife a wani tseren 'yan sha'awa a garin Arcata da ke jihar Kalifoniya. Da hula a kansa, irin wadda ake yayi a lokacin, amma raunin kai ya kashe shi. Abokansa ba su tsaya ga ta'aziyya ba. A 1957 suka kafa gidauniya da sunansa, wani likita mai suna George Snively, wanda shi ma ɗan tsere ne, ya tattaro hulunan da ke kasuwa ya yi ta dukansu, har da gawawwaki ya yi amfani a gwajin. Yawancinsu suka faɗi. Ya gano cewa roba mai dawowa ba ta kai soso mai murƙushewa ba. A 1959 gidauniyar ta fitar da ma'auninta na farko, har yau kuma tana sabunta na motocin tsere duk shekara biyar. Abin da ya fi burge ni, ba ta tsaya ga samfurin da kamfani ya aiko mata ba, takan sayo hula daga kanti kamar kowa ta sake gwadawa.

Yadda ake gwajin bai yi nisa da abin da muka yi a tsakar gida ba, sai dai da awo. Ana sa hular a kan wani kai na ƙarfe mai na'ura a cikinsa, a ɗaga, a saki a kan maƙera, wata shimfiɗaɗɗiya, wata mai tudu ko mai baki kamar gefen kwalta. A ma'aunin ƙasashen Turai hular babur takan sauka da gudun mita 7.5 a daƙiƙa ɗaya, kusan faɗowa daga mita uku ke nan, kamar soron abokina. In na'urar ta nuna bugun da ya isa kan ya haura ninki 275 na jan da ƙasa ke yi wa abu, hular ta faɗi. Ana gasa wata a zafi, a daskarar da wata, a jiƙa wata, sannan a doka. Ana fizgar igiyar haɓa da nauyi a ga ko za ta tsinke, a kuma ja hular ta baya a ga ko za ta suɓule. Ta motar tsere har wuta ake kara mata, aibin nan da Baba ya faɗa game da audugar rimi. Nazarin da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna hula tana rage mutuwar masu babur da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Ɗana ya ce to shi ke nan, a samu hula mai kyau a haɗa da bel irin na 'yan tsere, mai igiya biyar, wani mai walda ma ya ce zai haɗa masa keji a cikin mota da bututun ruwa. Na ce a nan ne wani tarkon yake. In ka ɗaure jiki tamau da kujera, ka kuma ɗora wa kai hula mai nauyin kilo ɗaya da rabi a kan nasa kilo biyar, to ranar karo jiki zai tsaya, kai zai wuce gaba, wuya ne zai ɗauki sauran. Haka ta kashe wani direba Bafaranshe, Patrick Jacquemart, a filin tsere na Mid-Ohio a 1981. Abokinsa Jim Downing ya kai kuka wajen surukinsa, Farfesa Robert Hubbard na Jami'ar Jihar Michigan, wanda ya taɓa aikin ƙera mutum-mutumin gwajin haɗari a kamfanin General Motors. Suka ƙera wani abu kamar karkiya da ke zama a kafaɗa ƙarƙashin bel, da igiya biyu da ke riƙe hular ta baya, suka sa masa suna HANS. An gwada shi ta hanyar ɗaure mutum-mutumi a kujerar da ke gudu a kan dogo, a tsayar da ita farat ɗaya, ana auna abin da ya sami wuya. Sakamakon ya fito sarai, amma direbobi suka yi ta ƙin sa, wai yana takura su. Sai da fitaccen direba Dale Earnhardt ya mutu da irin wannan rauni a zagayen ƙarshe na tseren Daytona, ranar 18 ga Fabrairun 2001, sannan aka tilasta shi a gasar da yake fafatawa a cikinta a Amurka, gasar Formula 1 ta biyo baya a 2003. Abokina ya girgiza kai ya ce, "Ashe su ma sai sun je Umbatu."

Kejin ma ba kowane ƙarfe ake yin sa da shi ba. Bututun ruwa in mota ta kife lanƙwashewa yake yi ko ya karye a wajen walda, ya zama mashi a cikin mota. A ƙungiyoyin 'yan sha'awa na ƙasashen da abin ya zauna, kafin mota ta shiga fili sai mai duba ya leƙa cikin hula ya ga hatimin gwaji da shekararsa, ya duba kwanan watan da ke jikin bel domin shi ma yana tsufa, ya auna kaurin ƙarfen keji. Wanda kayansa bai cika ba ya koma cikin 'yan kallo, ko ɗan wane ne. Samarinmu suna da ƙarfin hali da gwanintar sitiyari, abin da ba su da shi shi ne wannan mutumin da ke tsaye a bakin fili, da filin kansa. Kano kuwa ta san darajar fili, tun da ta ware wa dawaki Filin Sukuwa, ta kuma san yadda ake shirya Hawan Daushe, inda kowane mahayi sai an duba majayin sirdinsa kafin ya fito.

Washegari da safe muka hau Dutsen Dala. Daga sama birni ya shimfiɗu cikin hazo, ga Gwauron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga rufin kwano iya ganinka. Abokina ya nuna mana wajen da Asibitin Ƙashi na Dala yake, wanda aka buɗe tun 1959, shekarar da gidauniyar Snell ta fitar da ma'auninta na farko. Ya ce duk mai son sanin ingancin hulunanmu ya je can ranar ziyara, a can ake karanta sakamakon gwajin, sai dai da kawunan 'ya'yan mutane ake yin sa. Na yi ta tunanin cewa na'urar gwajin nan ba ta fi ƙarfin garin nan ba. Dogon ƙarfe ne da maƙera da na'urar awo. Garin da ke da maƙeran da suka gaji ƙira da injiniyoyin Jami'ar Bayero ba zai rasa mai haɗa ta ba. Ranar da aka fara fasa huluna a gaban 'yan kasuwa, ana liƙa sunan wadda ta ci da wadda ta faɗi, Bakano zai yi abin da ya saba, ya bar mai tsaga a hannun mai ita.

Bayan mun sauko, sai da muka shiga shago na shida kafin mu samu abin da ya yi kama da gaskiya. Hula ce mai rufe haɓa, da farin soso mai kauri a ciki, hatimin gwajinta kuma ɗinke yake a jikin igiya. Ta babur ce, ba ta tseren mota ba, na kuma gaya wa ɗana haka. Kuɗinta ya ninka na baƙar tasa sau da yawa, kuma ba ta da harshen wuta. Ya sa ta, na kama ta da hannu biyu na girgiza, fatar goshinsa ta motsa tare da ita. Na ce, "Ranar da ta bugu sau ɗaya, ko ba ka ga tsaga ba, ta gama aikinta. Kada ka yi mata rowa." Maganar keji da bel mai igiya biyar muka ajiye ta sai an samu wanda ya san aikin. Ya yi alkawarin barin tseren gindin tsamiya kafin nan. Ban sa shi rantsuwa ba, na san samari.

A motar komawa gida ya riga ni zama a gaba. Tun kafin mu bar tasha na ji ƙarar maƙala bel. Direban ya dube shi ya ce, "Samari, ai sai mun kusa Kura suke tsayawa." Ya ce, "Na sani."

Baƙar hular mun bar ta a Yakasai. Bayan mako uku abokina ya turo mini hoto a waya. Ya kafa ta a kan bulo a tsakar gida, bakinta sama, cike da ruwa, tantabaru uku a gefenta suna sha. A ƙarƙashin hoton ya rubuta cewa in gaya wa Zage-zagi sun yi gaskiya, kwanon nasu mai ƙarko ne, ko ɗigo ba ya yoyo.